Irin Albasar da Na Ba Kawunki

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hajaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uban da ya daɗe bai ga fuskar ɗiyatai ba sai cikin waya. Ki gaishe min da Innarki, ki ce mata ƙafar nan ta yi sauƙi, ta bar sa wa ranta damuwa. Allah shi tsare miki hanya tun daga Kwargaba har Sakkwato, shi tsare ki cikin makarantar da za ki, shi sa hannunki shi zamo sanadin sauƙi ga matan da za ki karɓi haihuwarsu in kin gama.

Takardar ga za ta iso ki ta hannun direban da ke kawo albasa nan kudu daga Goronyo. Akwai ɗan ƙulli cikin ambulan, kada ki kwance shi sai kin kai ƙarshe. Ba labarin nan zan ba ki ba, don nan babu labari. Ruwan sama, zufa, ƙarar injin katako, da mutanen da shekara tara ina buɗe musu ƙofa ba su tambayi sunana ba.

Muryar da kin ka aiko min ranar Talata na saurare ta sau huɗu. Kic ce Kawunki Ummaru ya zaunar da ke ya yi miki nasiha, yac ce ki yi koyi da babanki, mutumin da ya ba shi irin albasa shekarar da kowa ya ɓoye nashi, shi ko ya kashe irin da hannunai. Kic ce kin ɗauki alkawari ba za ki taɓa cutar kowa ba, kamar yadda ban taɓa ba. Hajaru, na ajiye wayar bisa benci. Ba zan bar ki ki fita gida ɗauke da uban da babu shi ba. Ga na gaskiyan.

Kina shekara bakwai lokacin. Ƙarshen damina gulbi ya cika ya haura fadama, ya shafe renon albasar mutane daga wajenmu har Kagara. Nawa renon ya tafi, na Kawunki ya tafi. Kowa na neman iri shi sake zubawa kafin lokacin dashe shi wuce, irin kuwa ya yi wuya. Kin san irin albasa ba shi da tsawon rai. In ya shekara ƙarfinai ya ragu, in ya shekara biyu sai dai sa'a, kuma ido ba shi rarrabe sabo da tsoho, duk baƙi ne ƙanana. Shi ya sa manomi ke gwadawa: shi ɗebi kaɗan, shi naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, shi tura ƙarƙashin randa. Kwana biyar ko shida, mai rai ya fasa baki ya fid da ɗan farin zare.

Gora biyu gare ni rataye cikin ɗaki. Guda sabon iri na bana, guda ragowar bara waccan da na manta ban zubar ba. Ummaru ya zo da hantsi, ya tsuguna bakin zaure, bai ko yi wasan da ya saba yi min ba. Yac ce, "Yaya Garba, ruwa sun cinye ni. In da abin da ka rage, ka taimake ni."

Wajenmu ba a hana ɗan'uwa iri, ko da ba ku ga maciji. Kuma irin da anka ba ka kyauta ba ka gwada shi, cin fuskar mai bayarwa ne. Duka biyun na sani. Na shiga ɗaki na tsaya gaban gorunan nan. Sabon zai ishe mu mu biyu in munka yi tsimi, sai dai kowa gonatai ta ragu. Hannuna ya tafi ga tsohon. Nac ce wa raina ai tsohon iri ma wani lokaci shina fitowa. Ban yi ƙarya ba, shina fitowa wani lokaci. Tsumma na nan, randa na nan, da na so sai in ce mai shi dawo bayan kwana biyar. Ban gwada ba don ba ni son in sani. In ban sani ba, kyauta na yi. In na sani, ha'inci na yi. Sai na zaɓi kada in sani, na cika mai gwangwanin madara biyu har suna zuba, ya karɓa da hannu biyu shina ta sa min albarka.

Na daɗe ina ce wa kaina don ku na yi, ke da Innarki da cikin da take ɗauke da shi. Kada ki yarda da wanga zance ko daga bakina kin ka ji shi. Da sunanku na fake. Tsoro ne da son gonata ta cika.

To ga na farko, ɗiyata. Aikin da za ki koya cike yake da irin wanga tsayi gaban gora biyu. Wata rana za ki gaji, an kusa tashi daga aiki, zuciyarki ta raya miki cewa matar can da ke kwance akwai abin da bai yi daidai ba gare ta, wata zuciyar ta ce ai wataƙila ba komi. Duk sa'ad da kin ka ji kina gudun duba abu, to wurin nan ne za ki duba. Mutane da yawa ba sharri sunka zaɓa ba, kau da kai sunka zaɓa, sharrin ya biyo baya da ƙafafunai.

Nawa renon ya fito kore shar. Na Ummaru tsilli-tsilli, kana iya ƙirga su da yatsa. Kafin shi gane ba za su ƙaru ba, lokaci ya wuce. Shekarar nan bai dasa ko fangali guda ba. Ya tafi ci-rani ya bar matatai da goyo, ya dawo ramamme da tari.

Abin da ya fi wannan muni shi ne wanda na yi da bakina. Muna zaune majalisa bayan la'asar, anka tada zancen, wani yac ce abin mamaki iri guda gona biyu, guda ta yi guda ta ƙi. Idanu sunka juyo gare ni. Kin san tsakanin mutum da ƙanen matatai akwai wasa, komi ka gaya mai ba a riƙewa. Sai na shiga rigar wasan nan nac ce, "Mi kuka sani? Ummaru in yab binne iri sai ka ce gawa shika binnewa. Kashe-iri ke nan." Anka fashe da dariya. Shi ma ya yi dariya, ya sosa ƙeya, yac ce wataƙila dai ya zurfafa. Sunan ya bi shi. Kin taso kin ji ana kiran Kawunki Kashe-iri, yara ma na faɗi, ba ki san ubanki ya raɗa mai shi ba don shi rufe kansa. Shekara goma sha uku manomin da ya fi ni sanin ƙasa ana yi mai kallon wanda bai iya zuba iri ba. In ya ba da shawara kan reno sai a yi murmushi.

Na biyu ke nan. In kin yi kuskure, ki faɗe shi ranar da kin ka yi shi. Ranar nan shina da nauyin dutse guda, kina iya ɗauka. In ya kwana sai kin nemo abin da za ki rufe shi, abin rufin ma sai an rufe shi. Kuma ki ji tsoron bakinki a kan wanda kin ka cuta. Na lura mutum ba shi iya kallon wanda ya zalunta shi bar shi haka nan, sai ya nemo mai laifi, don shi samu barci.

Yanzu ki saurara da kyau, don nan ne nake tsoron ki fahimce ni baibai. Bayan abin nan ban bar masallaci ba, ƙara shiga na yi. Sahun farko, azumin Litinin da Alhamis, tasbaha ba ta barin hannuna. Mutane sunka fara ce min Malam Garba, ni da ban sauke ba. Da ibadar nan ta kai ni ƙofar Ummaru, da ta yi aikinta. Ba ta kai ni ba don ban bar ta ba. Na sani sarai, tun muna yara anka karantar da mu, cewa haƙƙin mutum ba shi faɗuwa da yawan nafila sai mai shi ya yafe. Na san hanyar gidansu, taki kaɗan ce. Sai na riƙa biyan Allah abin da ba shi na ɗaukar wa ba.

Kuma na zama mai tsanani. Innarki za ta iya ba ki labari, ko da yake na san ba za ta ba ki ba. Wata rana ta jinkirta azahar tana fama da ƙanenki shina zazzaɓi, na tsaya tsakar gida ina yi mata wa'azi har maƙwabta na ji. Ba ta ɗaga murya ba. Da na gama tac ce, "Malam, wa ya taɓa ka? Tun shekarar ruwa ba ka zauna lafiya cikin jikinka ba." Na fita. Ita kaɗai ta hango, ko da yake ba ta san ko mi ta hango ba.

Ki riƙe addininki, Hajaru, ki riƙe shi da kyau. Ni da na lalata nawa rabon ban ga abin da ya fi shi ba. Bai taɓa ɓoye min gaskiya ba, ni na ɓuya cikinai. Amma in kin ji kanki kina zafi a kan laifin wasu, kina hararar ɗalibar da ba ta tashi asuba ba, kina yi wa matar ƙauye tsawa don ta zo asibiti a makare, ki dakata ki tambayi kanki mi ke cin ki. Sau da yawa mai yawan gyaran mutane akwai ɗakin da ya kulle cikin gidanai.

Ana cewa na taho kudu don noma ya daina ciyarwa. Akwai gaskiya ciki. Amma wasu sun zauna sun ci. Ni na gaji da gamuwa da Ummaru kan hanyar fadama shina gaishe ni da fara'a. Kuma ki ga yadda abin ya juya: ni na tafi, shi ya riƙe min gida. Shi ke noma gonata, shi ya riƙa kai ki makaranta bisa babur, shi zai kai ki tasha. Wani lokaci har haushinai nake ji don alherin ya yi min yawa. Kin ji irin zuciyar ɗan Adam.

Nan wurin yankan katako inda nake gadi akwai mai kula da injuna, muna ce mai Injiniya. Ba shi zuwa coci, ba shi zuwa masallaci, da bakinai yac ce min bai yarda akwai kowa sama ba. Da na ji haka na riƙa janye butata in ya wuce. Na yanke cewa wanda bai tsoron Allah babu abin da ba zai aikata ba. Sai ga shi ranar da ƙaba ta murɗe ni bakin ƙofa, masu salla da masu zuwa coci sunka tsaya suna sannu, shi ya cicciɓe ni ya sa motatai, ya zauna asibiti har anka fito da ni. Shi ya sa anka kafa min rumfar kwano inda nake salla don ruwa shi bar dukana. Na rasa inda zan ajiye shi cikin kaina. Har na fara cewa to ko wanga shi ne cikakken mutumin, ba mu ba.

Bara babban zarton ya fara wata ƙara da ba a saba ji ba. Ma'aikata sunka gaya mai, yac ce zai duba ran Asabar, akwai aiki mai yawa da ake jira. Asabar ta zo ta wuce. Ni da ke zaune bakin ƙofa na lura ya sake hanya, ya bar bi ta gaban zarton in zai shiga ofis, sai shi zagaya ta bayan tarin katako. Ran Laraba abin ya tsinke, ya tafi da yatsu uku na wani ma'aikaci, Okon, mai 'ya'ya huɗu. Bayan kwana biyu Injiniya ya zo ya zauna bisa bencina, abin da bai taɓa yi ba. Cikin Turancin broka da muke yi yac ce, "Na ji ƙarar nan, Baba. Na san ko mi ce. Ban buɗe ba don in na buɗe dole in tsai da aiki."

Mutumin ga bai san albasa ba, bai san randa ba, bai yi alwala ko sau guda ba, amma gaban gorana ya tsaya. Shi da karatunai, ni da tasbahata, rami guda munka faɗa, kuma da ido buɗe. Tun ranar na bar neman cikakken mutum. Ban same shi sahun farko ba, ban same shi cikin masu boko ba. Abin da ke kada mu ba rashin sanin daidai ba ne. Mun sani. Tsoro ne, da gajiya, da son namu shi fi, da iya yi wa kai bayani mai daɗi. An halicce mu da su, kuma ba su fita don ka yi salla, ba su fita don ka yi digiri.

Amma zan yi mai adalci, ya fi ni wuri guda. Sati bai cika ba ya tara ma'aikata ya faɗi gabansu cewa laifinai ne, Okon na zaune da hannu naɗe. Okon bai ce ya yafe ba, har yau ba shi amsa gaisuwatai sosai. Ya dai faɗa. Ni da na yarda akwai ranar hisabi na shekara goma sha uku ban faɗa ba. Ban san yadda Allah zai yi da shi ba, ba aikina ba ne, ina dai roƙa mai shiriya. Nawa na sani.

Don haka alkawarin da kin ka ɗauka, ki sauke shi. Za ki cuci wani, Hajaru. Da gajiya, ko da kau da kai, ko da kalma guda da ta fita da zafi. Wanda ya rantse ba zai taɓa kuskure ba, ranar da ya yi sai shi ɓoye, don ba shi da inda zai sa shi. Ki ɗauki wanda ya fi wannan ƙanƙanta: za ki duba, in kin ɓata za ki faɗa, za ki koma ki gyara abin da ke gyaruwa. Kuma in kin ga aibin malamarki, ko na ƙawarki, ko na mijin da Allah zai ba ki, kada ki zubar da mutum duka. Wanda ya kai ni asibiti shi ya bar zarto ya ci yatsun Okon. Wanda ya cuci Kawunki shi ne ya riƙa goya ki zuwa fadama kina riƙe da kunnuwanai kina ce mai jaki. Duka biyun ni ne. In kin ji kin tsane ni bayan wagga takarda, ba zan ce kin yi laifi ba, amma ki bar min ɗan wuri.

Saura roƙo. Sau uku ina kiran Ummaru don in gaya mai. Da ya ɗauka sai shi ce, "A'a, mijin Yaya, har yanzu kifin teku bai cinye ka ba?" Sai in rama, shi rama, katin shi ƙare muna dariya. Wasan nan da na fake cikinai yanzu ya hana ni fita. Shi kuma ba shi karanta boko. Na san nauyi ne nake ɗora miki wanda ba naki ba, ki gafarce ni. Kafin shi kai ki tasha, ki same shi shi kaɗai, ki karanta mai tun daga gora biyu har majalisa. Kada ki tausasa ko kalma guda. Ki ce mai bai zurfafa ba, hannunai lafiya lau yake, irin ne matacce, kuma Garba ya yi zaton haka tun kafin shi miƙa mai. In ya ba da izini, in Allah ya kai mu salla babba zan zo in maimaita a majalisar da na raɗa mai sunan. In yac ce kada in tako ƙofatai, ki gaya min yadda ya faɗa. Haƙƙinai ne. Daga yau kuma kada a sake kiran sunan nan cikin gidana, ko da wasa.

Yanzu ki kwance ƙullin. Irin albasa ne na bana, direban nan ya samo min wajen wani manomi a Taloka, ya kawo min nan don in gani da idona. Na ɗebi ashirin na naɗe cikin tsumma, na tura ƙarƙashin bokitin ruwana tunda ba ni da randa. Kwana shida ina ɗagawa ina dubawa kamar yaro. Goma sha takwas sun fito. Ba zai maida mai shekarar da ta wuce ba, na sani. Ki ba shi, ki ce kada shi yarda da maganata. Shi jiƙa tsumma shi gwada da kansa, ko gaban wa ya so, ba cin fuska ba ne.

Allah shi kai ki lafiya, shi dawo da ke lafiya. Allah shi haɗa ki da mutanen da za su gaya miki gaskiya, shi ba ki ƙarfin jin ta. Shi tsare ki daga sharrin mutane, shi tsare mutane daga naki. Ki riƙa cin abinci, ki riƙa kiran Innarki ko ba ki da abin faɗi. Ni wayata na aljihu, ba zan kira ba sai na ji daga gare ki.

Babanki,
Garba